Yaya ya kulle albam ɗin Baba, wai ƙonawa zai yi

Salam Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni haifaffiyar Gangare ce a Jos, aure ya kawo ni Abuja, muna Kubwa shekara tara kenan. Babanmu Allah ya mishi rasuwa bara. Direban fijo ne a tashar Bauchi Road shekara da shekaru, mutum ne mai son hoto na bala'i, duk garin da ya kai fasinja sai ya ɗauka, Kano, Maiduguri, Legas, har Makka da yaje, albam uku ya bari da wata jaka cike da hotuna. Da naje gida hutun yara na ɗauki wasu da wayata. Ranar da ya cika shekara da rasuwa sai na sa guda ɗaya a sitatus da Facebook na rubuta addu'a, shi da Hajiyarmu ne suna matasa sun jingina da motarshi a Assop Falls, wajen ruwan nan mai zubowa daga dutse a kan hanyar Jos, ita ɗankwali ne kawai a kanta ba mayafi, tana riƙe da Yayanmu yana jariri. Ko awa biyu ba a yi ba Yaya ya kira yana ta faɗa, wai na tona wa uwarmu asiri, abokanshi sun gani, wani har ya tura gurup ɗin unguwa. Na goge amma ina, ya kwashe albam ɗin duka ya kulle a ɗakinshi yace dama hoto haramun ne ƙonawa zai yi. Wata biyu kenan ba ma magana. Hajiya tace ita ba ruwanta mu muka sani. Ƙannena suna zuga ni in kai shi ƙara wajen kawu. Abin haushin kuma wayar da na ɗauki hotunan an sace ta a mota, yanzu ko guda ɗaya na Baba ba ni da shi sai na fasfo. Yarana ƙanana ne ba za su tuna shi ba. Anti ya zan yi?

Wa alaikissalam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba ya sa can ta fi mishi nan, ya ba ku haƙurin rashinshi.

Zan fara da wanda ba za ki so ji ba dan mu wuce wajen. Ke kika fara laifi. Na san da zuciya ɗaya kika yi, kewa ce ta taso miki kina so duniya ta taya ki addu'a, amma hoton nan ba na Baba kaɗai bane, akwai mace mai rai a ciki, uwarki, kuma a wasiƙarki kaf ban ga inda kika ce kin kira ta kin ce Hajiya zan sa hoton nan kin yarda ba. Matar da yau ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da hijabi har ƙasa, ke kin ɗauko ta tana 'yar shekara ashirin da wani abu da wuya a waje kin ajiye ta a kasuwa, yaran da ta goya da surukanta da mai kayan miyan layinsu kowa ya kalla ya ƙara da zumin. Da can albam yana da ladabinshi, kin manta ne. Baƙuwa ce za ta zo a shimfiɗa mata tabarma a kawo ruwa, in hira tayi daɗi kuma uwar ɗaki ta ga dama sai ta buɗe kwaba ta ɗauko, tana zaune a gefe tana cewa wannan wance ce wannan ranar sunan wane ne, in an zo wani shafin ma da sauri take juyawa. Ita ke zaɓen mai gani. Facebook bai san wannan ba, sitatus kuma da ake cewa awa 24 yake ya ɓace, wanda ya danna ya ajiye a wayarshi fa? Magana zarar bunu ce, hoto ya fi ta.

To sai Yaya. Ni kam ban yarda ƙonawa zai yi ba. Ashana nawa take? Wata biyu albam na ɗakinshi, da niyyar gaske ce da a daren ranar ya kai su bayan gida ya cinna musu wuta kowa ya huta. Kuma ki lura, albam ɗin nan sun fi shekara talatin a gidan, yana shiga yana fita yana ganinsu, bai taɓa cewa a ƙona ba sai ranar da aka kalle shi a majalisa. Ke kina Kubwa kin goge hoto kin shige ɗaki kin kunna fanka, shi ne zai fito sallar asuba ya haɗu da wanda ya tura hoton a sahu ɗaya, shi ne wani mara kunya zai cewa kai ashe Hajiya an sha gayu da. Ɗa namiji a unguwa irin Gangare inda kowa ya san kowa tun daga kakanni, maganar uwa ba wasa bace a wajenshi. Kunya ce ta kama shi da kishin uwa, sai ya ɗauko kalmar da ya san ba wanda zai iya musu da ita a gidan, haramun. Kar kuma ki manta shi ma uba ya rasa, kuma shi aka bar wa gida da ƙanne da maganin Hajiya da kuɗin wuta, mazanmu ba a koya musu kuka ba, faɗa aka koya musu.

Amma duk da haka ba shi da hurumin ƙonawa, wannan kam ki riƙe. Maganar hoton kyamara malamai sun daɗe da saɓani a kai, akwai masu tsanantawa akwai masu ganin ba shi ne zanen da aka hana ba, kuma har cikin masu tsanantawar da yawa abin da suka fi ja a kai shi ne rataya shi a bango ko girmama shi. In shi ya ɗauki fahimtar tsanani wannan tsakaninshi da Allah, ya cire nashi daga bango, ba mai tilasta mishi kallo. Amma abin da mamaci ya bari ba na ɗa ɗaya bane ko da shi ne babba, akwai haƙƙinki akwai na ƙannenku akwai na Hajiya wadda ma rabin hotunan nata ne na kanta. Sai dai dan Allah kar ki je mishi da wannan a matsayin makami, kar ki fara turo mishi bidiyon wa'azi shi ma ya turo miki nashi, in kuka shiga wannan layin sai ku shekara kuna jifan juna da malamai, albam kuma na can gara na ci. Abin da ba saɓani a kai shi ne ku biyun kun wuce kwana uku kuna gaba, wannan ba malamin da zai ce muku daidai ne.

Bari in gaya miki dalilin da ya sa wasiƙarki ta tsaya min a rai. Mu ma 'yan Jos ne. Babanmu yana da shago a babbar kasuwar Terminus, shi kuma a tunaninshi shago ya fi gida tsaro tunda gida akwai yara masu ɓarna, sai ya kwashe takardunshi da hotunanmu duka ya sa a wata 'yar akwatin ƙarfe ya kai can. Watan Fabrairun 2002 kasuwar ta ƙone. Kowa na lissafin atamfa da shadda da jari, mu ma haka, sai da aka kwana biyu mahaifiyarmu tace ina akwatin nan, shiru. Hoton aurensu, na sunanmu, wanda aka ɗauke mu ranar sallah a gidan zu mun yi layi da sababbin kaya da tabarau na roba, wanda muka hau tsohon kan jirgin ƙasan nan na gidan tarihi, babu ko ɗaya. Kakata ta wajen uba ban san fuskarta ba sai a hoto guda, shi ma yana ciki. Yau in na rufe ido ina neman fuskar sai in ga ɗankwalin kawai. Bayan shekaru wata gwaggonmu a Bukuru ta ciro wani guda ɗaya daga ƙasan akwatinta, rabinshi ruwa ya ci, wallahi mu bakwai muka dinga karɓa hannu da hannu kamar jariri. Kuma mu namu da sauƙi tunda ba a rasa rai ba, ki tambayi waɗanda aka ƙona wa gidaje a rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, an sake gini an sake sayen katifa da kujeru, amma da yawa in hira tayi nisa sai kiji sun ce ko hoton mahaifina ba ni da shi. Gidan da ya fito daga duk wannan da albam uku lafiya lau a garin Jos, ku kuma ku sa musu wuta da hannunku saboda sitatus, haba.

Yanzu wadda duk kuka tsallake, Hajiya. Ke kina ta Yaya, Yaya yana ta mutanen unguwa, ƙanne suna ta kawu, ita mai hoton ba wanda ya zauna da ita. In uwa Bahaushiya tace ba ruwana ku kuka sani, to da ruwanta har wuya. Ko dai taji kunyar hoton tana kawaici dan kar ta goyi bayan ɗan fari a fili, kin san alkunyar ɗan fari, ko kuma ƙonawar ce ke cin ranta ba ta so ta ja da wanda yanzu shi ne uban gidan. Ta yiwu ma duka biyun. Mijinta ne fa a hotunan nan, kuruciyarta ce, ke shekara talatin da 'yan kai kika san shi, ita tun yana saurayi mai gashi yana goge fijo da tsumma.

Saboda haka ita za ki fara kira, ba Yaya ba, ba kawu ba. Kuma ba albam za ki tambaya ba, haƙuri za ki bayar, ki ce Hajiya na sa hotonki ban nemi izininki ba na yi kuskure ki yafe min, shikenan ki yi shiru ki bar ta tayi magana ko ta canza zance. Bayan kwana biyu ki kira Yaya, in bai ɗauka ba kar ki tura rubutu mai tsawon titin Zariya, muryarki za ki tura gajeriya, Yaya na gane abin da na yi ya jawo maka magana a unguwa, ban kyauta ba, ka yi haƙuri. Kar ki haɗa da amma. Mu mata muna da wannan, a yi haƙuri amma kai ma ai, da kin sa amma kin zubar da komai. Durƙusa wa wada ba gajiyawa bane, balle wannan ba wada bane yayanki ne. Maganar kawu ki ajiye ta tukuna, in kika kai ƙara yanzu kin mayar da abin shari'a, kuma namijin da aka kunyata sau ɗaya a majalisa aka sake kunyata shi gaban kawu, to a nan ne ashanar za ta iya fitowa da gaske dan ya nuna shi ma ya isa. Ƙannen nan masu zuga ki ce su kama bakinsu, musamman a gurup ɗin gida.

Daga nan ki nemi izinin maigida ki shiga mota ki je. Wannan ba maganar waya bace. Ki bi ta Keffi da Akwanga, kafin ku gama hawa Hawan Kibo ma za ki wuce mashigar Assop ɗin da aka ɗauki hoton rigimar. In kin je kar ki ce a ba ki albam ki tafi da su Abuja, ba zai bayar ba kuma ni ma da ni ce ba zan bayar ba. Abin da za ki roƙa ƙarami ne, yini ɗaya, a ɗakin Hajiya, a gabanta, albam ba zai fita daga gidan ba. Ki mishi alkawari gaban Hajiya cewa ba hoton da zai ƙara hawa intanet, na mace ko na namiji, sai ita ta yarda da bakinta. Ki ma ba ta dama ta ware waɗanda ba ta so kowa ya ɗauka, ta sa su a akwatinta, in ta ce wancan na Assop ɗin yana ciki ki haɗiye ki ce to. In ita ce ta ce wa Yaya kawo min kayan mijina ɗakina, ba na jin akwai ɗan da zai ce a'a.

Ranar da aka fito da su kuma kar ki tsaya kuka har la'asar, aiki ne a gabanki. Ki zauna kusa da taga ko a inuwar tsakar gida da hantsi, ki kashe filashin waya dan yana sa ƙyalli, ki goge gilashin kyamarar, ki ɗora hoton a kan farin zani ki ɗauka daga sama a miƙe. Akwai wata manhaja ta Google mai suna PhotoScan kyauta ce, tana ɗauka ta kusurwa huɗu ta cire ƙyallin, tana taimakawa sosai ga waɗanda ke cikin leda. Ki ɗauki bayan kowane hoto ma, tsofaffin masu hoto suna buga hatiminsu a baya wani lokacin har da kwanan wata, direba kuma mai son hoto irin Baba da wuya bai rubuta sunan gari a wasu ba, rubutun hannunshi kaɗai abin ajiyewa ne. Wanda ya manne da ledar albam kar ki ɓanɓaro da ƙarfi fuskar za ta biyo ledar, ki ɗauka a yadda yake. Kuma dan girman Allah kar wani ya ba ki shawarar laminetin, zafi ne da gam, in an yi an yi ba a cirewa, na ga hotuna da yawa da aka kashe da sunan gyara. In kin ga nagatif a cikin jakar, 'yan baƙaƙen fim ɗin nan da muke ɗagawa sama muna kallo muna yara, kar a zubar, ana iya sake wanko hoto daga jikinsu.

Sai ajiya, tunda kin riga kin ɗanɗana satar waya. Waya ba ma'ajiya bace. Ki kunna Google Photos a kan imel ɗinki su hau can, suna ba da 15GB kyauta wanda ya ishi albam uku har da saura, ki rubuta lambar sirrin a takarda ki adana dan rabin masu kukan hotuna sun ɓata lambar suka manta. Kafin ma ki yanke ƙauna da na tsohuwar wayar ki shiga imel ɗin da ke kanta ki duba, sau da yawa suna hawa da kansu mutum bai sani ba. Ki sa kwafi a filash ko memori ki bar shi a Jos wajen Hajiya, wani a Kubwa. In za ki tura wa ƙanne ta WhatsApp ki tura a matsayin dokumen, in ba haka ba yana matse hoton ya rage mishi kyau, kuma kowa sai ya ɗauki alkawarin da kika ɗauka kafin ya samu. Ki zaɓi kamar ashirin ki kai a wanke miki a takarda, yaranki su samu abin riƙewa a hannu.

Amma duk wannan ƙaramin aiki ne a kan wanda zan faɗa yanzu. Ki ajiye waya ɗaya a gefe tana ɗaukar murya, da saninta, ki dinga miƙa wa Hajiya hoto ɗaya ɗaya kina tambaya. Waye wannan mai hular a gefen Baba, wane gari ne nan, wace shekara ce, wannan motar tashi ce ko ta ubangidanshi, da ya tafi Legas kwana nawa yake yi, wace tsaraba yake kawowa. Mu hoton gwaggon Bukuru da nace miki mutum biyar ne a ciki, biyu kawai muka sani, waɗanda za su faɗa mana sauran ukun duk sun riga mu gidan gaskiya, muna kallonsu suna kallonmu. Ku taku mai bayanin tana nan da ranta da hankalinta, kuna can kuna rigima a kan takarda. Abin da ta faɗa ki rubuta a bayan hoton da fensir a hankali, ban da biro, tawada tana huda takarda. Za ki ji labaran da ba ki taɓa ji ba, iyayenmu ba sa zama su ce bari in ba ku tarihina, amma ki miƙa musu hoto ki gani, sai kin gaji. Ki tafi da yaran su zauna a wajen ko ba su gane komai ba.

Mu kanmu abin dariya ne wallahi, fim ɗin da 36 yake ɗauka wani 24, mutum sai ya yi wanka ya yi tunani kafin a danna, a jira sati a wanko, shi ya sa kowane ɗaya yake da labari. Yanzu wayata hoto dubu huɗu ne, rabi sikirinshot ɗin atamfa da rasit ɗin tiransifa, in na faɗi yau ban san me yarana za su samu ba. Wannan ni da ke duka.

In kin yi duk wannan Yaya ya kafe, to a nan kawu zai shigo, shi ma ba da sunan ƙara ba, ki ce ya roƙa muku a mayar da kayan ɗakin Hajiya. Kafin nan ki zagaya dangi da tsofaffin abokan Baba na tasha, mutanen da suna wanke hoto biyu uku su raba, za ki sha mamakin abin da ke ƙasan akwatunan gwaggonni.

In kuma an buɗe albam ɗin, ki duba da kyau, dole akwai wanda Baba yake tare da Yaya su biyu, ɗan fari ne, ko ya ɗora shi a kan bonet ko ya sa mishi hularshi ko yana riƙe da hannunshi ranar idi. Ki wanke guda ɗaya ƙarami wanda zai shiga aljihu, ki sa a ambulan, ranar da za ki dawo Abuja ki ba matarshi ki ce ta ajiye mishi. Kar ki ba shi hannu da hannu, kar ki kira ki tambaya ko ya gani.